Yadda na gyara wurin ajiye motoci a gaban shagunanmu

Farfajiyar shagunanmu a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Sau biyu wani ɗan kwangila yana zuba sabuwar kwalta a kan tsohuwa, sau biyun damina na tona asiri. Wurin ya yi tudu har ya kusa kai dokin ƙofa, ruwan Agusta ya bar kwata ya nufo cikin shaguna. Ranar da na ga Hajiya mai atamfa tana kwalfe ruwa da bokiti, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wani injiniya ya duba ya ce, "Alhaji, sai an kankare tsohuwar tukuna." Muka yi hayar injin kankare kwalta, mai ganga da haƙoran ƙarfe a ƙasa, ya ci kamar santimita 5. Nan ainihin cutar ta fito. A bakin get, inda manyan motoci ke juyawa, ƙasar ta jiƙe, ka taka ta lotsa. Haƙe wurin muka yi, aka cika da tsakuwa, rola ta danne.

Sauran aka share tas, don kwalta ba ta mannewa a kan ƙura. Aka fesa ruwan kwalta mai danƙo, aka shimfiɗa sabuwa da zafinta, da gangaren santimita 2 a kowace mita zuwa kwata. Ɓarɓashin da aka kankaro kuwa, da shi muka cike lungun baya.

Ruwan farko na bana ina tsaye a ƙofa, ya gangara kwata salin-alin.