Babi na Shida: Duba Ruwan Rijiyar da ke Kusa da Gidan Mai

Darasi na 1: Ido da hanci

Tankin gidan mai a binne yake a ƙasa. In ya yi tsatsa ko bututunsa ya tsage, fetur ko kananzir zai riƙa yoyo ba wanda ya gani, ya bi ƙasa har ya iske ruwan da rijiyarku take sha. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka a sama yake tsayawa. Ruwan sama-sama za ku ɗebo ke nan, kada ku bar guga ya nutse.

Ku yi aikin da sassafe, kafin kowa ya ja ruwa. Gugan ya zama mai tsabta. In jarkar da ta taɓa ɗaukar mai aka yanka aka yi gugan, a sake wani, in ba haka ba warin jarka za ku ji ku ɗora wa rijiya laifi.

Ku zuba ruwan a farar roba, ku kai hasken rana. In kun ga wani abu yana ƙyalli a sama mai launin bakan gizo, ku sa tsinke ku tsaga shi. Ya farfashe gutsi-gutsi bai koma ya haɗe ba? Wannan yawanci tsatsar ƙasa ce. Ya murɗa ya koma ya haɗe? Alamar mai ce.

Sai ku zuba ruwa rabin kwalba, ku rufe, ku jijjiga, ku ajiye minti goma. Ku buɗe, ku shinshina sau ɗaya. Ba a ɗanɗanawa. Ba a leƙa rijiya da ashana ko fitilar kananzir, ba a shan taba a bakinta, ba a kuma shiga ciki, domin tururin fetur ƙasa yake kwanciya.

Darasi na 2: Cika kwalbar gwaji

Rashin wari ba shaidar lafiyar ruwa ba ne. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce milgiram 0.01 a lita ɗaya, kuma hanci ba ya jin wannan. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya ganowa. A 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas ya samu rijiyoyin da mutane ke sha, benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900.

Ɗakin gwaji ne zai ba ku kwalba, 'yar ƙarama ta gilashi mai cin mililita 40. Ban da gorar roba. A nan ne mutane suka fi kuskure, don haka mu bi a hankali.

A darasin farko rabi muka zuba. A nan cikawa ake yi. Ku karkata kwalbar, ruwa ya bi gefenta sannu, ba fantsama. Ku cika har ruwan ya yi tozo a baki kamar zai zube. Sannan ku ɗora murfi, ku ɗaure tam. Ku kifa kwalbar, ku ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ku duba. In kumfar iska ta taso, ko da ƙanƙanuwa ce, a ɗauki wata kwalbar a sake. Benzin yana gudu daga ruwa ya shige iskar nan, sakamako ya fito da ƙasa da abin da ke ciki.

Mu maimaita. Karkata, cika har tozo, rufe, kifa, duba. Ba komai in hannu ya yi rawa da farko, kowa haka ya fara. Ku gwada da ruwan randa sau biyar kafin ku je bakin rijiya. Cika, rufe, kifa, duba.

Har yanzu wasu za su bar wuri a wuyan kwalba, wai kada ta zube. Haba jama'a! Ta zube mana, ruwa ne. Wanda ya kai kwalba mai iska ya zubar da kuɗin gwaji, ya kuma koma gida da takardar da za ta sa iyalinsa ci gaba da shan guba. A kifa, a duba.

Ku rubuta kwanan wata, lokaci da sunan rijiya a jikin kwalbar. Ku sa ta a kula da ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji ranar.

Darasi na 3: Littafin rijiya

Kowane mako ku rubuta kwanan wata, wari, ƙyalli, da gaba nawa igiya ta ci kafin ta taɓa ruwa. A ƙara lura da damina, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa ya kwaso man da ya maƙale a ƙasa.

Darasi na 4: In an samu mai

A daina sha, girki da wanka da ruwan. Tafasawa ba mafita ba ce, tururin za ku shaƙa. A gaya wa maƙwabta da mai unguwa, a kai littafin ga hukumar NOSDRA, mai kula da malalar mai a Najeriya, ko ma'aikatar muhalli ta jiha.