Yadda Za a Tsara Fitilun Waje Don Kare Kayan Tarihi Daga Ƙwari

Yawancin ƙwarin da ke taruwa a fitilar bakin ƙofar gidan tarihi ba sa cin kayan tarihi. Ɓarnar sai bayan sun mutu take farawa. Gawarwakinsu kan taru cikin murfin fitila, gindin taga da bayan kabad, su zama abincin tsutsar ƙwaron darduma, wadda daga nan take komawa kan ulu, fata, siliki da gashin tsuntsu. Gizo-gizo da tsaka ma kan biyo sahu, su bar yana da kashi.

A fara da ƙwan fitila. Idon ƙwari ya fi kama hasken UV, wato hasken da idon mutum ba ya gani, sai shuɗi. Shi ya sa fitilar makuri, mai fitar da UV da yawa, take tara su fiye da ta sodiyam mai haske ruwan ɗorawa. A sauya zuwa LED mai haske ruwan ɗorawa, kelbin (ma'aunin launin haske) 2700 ko ƙasa da haka. Farar LED mai kelbin 5000 tana da shuɗi da yawa, ba ta dace da bakin ƙofa ba.

Amma wurin da aka kafa fitila ya fi launinta muhimmanci, kuma nan aka fi kuskure. A cire ta daga saman ƙofa, a ɗora kan turke kimanin mita 10 daga ginin, tana hasko mashigar. Ƙwari wurin ƙwan suke taruwa, ba inda hasken ya sauka ba. A sa mata murfi mai karkata haske ƙasa, da na'urar da ke kunna ta idan an gifta. Kada a kafa ta kusa da mashigar iska, domin fanka za ta zuƙo su ciki.

Hasken cikin gini ma yana kiransu, don haka a rufe labule da magariba, a sa raga a tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da roba ko burushi.

Idan za a sa tarkon haske a ciki, wato mai jawo ƙwari da fitilar UV, a zaɓi mai danƙo, domin mai lantarki yana watsa gutsattsarin ƙwari. A rataye shi inda ba a hango shi daga waje, nesa da kayan da aka baje, tunda UV yana koɗar da launi. A sauya ƙwansa duk shekara, domin UV ɗinsa yana raguwa ko da yana ci. A ajiye tarkunan danƙo a gindin bango, a riƙa duba su duk wata, ana rubuta adadin da suka kama kafin sauya fitilu da bayansa.