Yadda Ake Shimfiɗa Sabuwar Ciyawa a Madadin Tsohuwa

Da farko, a ɗaye tsohuwar ciyawar da shebur har da saiwarta, sannan a kafce ƙasar zuwa zurfin santimita 15, ana tsince duwatsu da saiwoyin haki, domin saiwar da aka bari za ta iya sake tsirowa. Bayan haka a zuba ruɓaɓɓen taki, a baje da manjagara, a tattake da dunduniya, a kuma sake bajewa har wurin ya daidaita. Wannan matakin ne ya fi cancantar haƙuri, saboda ramin da ido bai gani ba yanzu, ruwa zai kwanta a cikinsa daga baya.

Sabuwar ciyawar tana zuwa ne a nannaɗe kamar tabarma, kuma ya kamata a shimfiɗa ta cikin awa 24, kafin ta yi ruwan ɗorawa. A fara daga gefe miƙaƙƙe, a manna bakin kowane yanki da na kusa da shi, a saɓa mahaɗunsu kamar jerin bulo. A riƙa takawa a kan katakon da aka ɗora bisa sabuwar ciyawar, ba a kanta kai tsaye ba.

Daga nan a ba ta ruwa sosai kullum na mako biyu zuwa uku. Idan aka ja gefenta a hankali aka ji ta kama ƙasa, za a iya yi mata askin farko sama-sama.