Yadda nake koya wa sabuwar ma'aikaciya aiki a madafar alhazai a Makka

Duk shekara da watan Shawwal ya kama, madafun da ke ciyar da alhazai a Makka sukan fara ɗaukar sababbin hannu. Ni ake miƙa wa waɗanda suka faɗo ɓangaren tuwo da miya a madafarmu da ke Misfala. Galibinsu mata ne, wasu haifaffun Shara Mansur a nan Makka, wasu kuma daga Kano ko Damagaram suka taso. Ga yadda nake bi da su, ko zai amfani wadda aka ɗora wa irin wannan nauyi.

Kafin ta taɓa ludayi, ki duba takardunta: iƙamarta, wato izinin zama a ƙasar, na da rai, an shigar da yarjejeniyar aikinta a Qiwa, shafin gwamnati na rajistar ma'aikata, kuma tana da shaidar lafiya ta Baladiyya, wato hukumar birni, wadda ba a yarda kowa ya taɓa abincin jama'a ba sai da ita. Ki karanta mata yarjejeniyar da Hausa, ta san riyal nawa ne albashinta, ta san lokacin gwaji ba ya wuce kwana 180, kuma doka ta hana a sa ta aiki fiye da awa biyar a jere ba tare da hutun rabin awa ba. Wadda hankalinta ke kan haƙƙinta ba ta jin darasi.

Daga nan ki tambaye ta abin da ta iya. Matar da ta shekara ashirin tana tuƙa wa gidan mutum goma sha biyar tuwo ba za a koya mata riƙon muciya ba, kuma idan kika fara da nan kin zubar mata da girma tun ranar farko. Abin da ba ta sani ba daban ne: tukunyar da ke cinye buhun shinkafa guda, murhun gas mai ƙarfin wuta, da shinkafar basmati da ake jiƙawa kafin a dafa, wadda ba ta shan ruwa kamar tamu ta gida. A kan waɗannan za ki ɓata lokacinki.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne kada ki taɓa tambayarta "kin gane?" Za ta ce ta gane. Kunya ce za ta amsa miki, musamman idan ta girme ki, ko akwai yara 'yan Bangladash da Yaman tsaye suna kallo. Mu Hausawa da haka aka rene mu, babba ba ya cewa bai fahimta ba a gaban mutane, kuma ban ga laifin kowa a nan ba. Sai dai a madafa wannan kunyar tana iya kwantar da alhazan masauki guda da ciwon ciki. Don haka sai ki yi aikin a gabanta sau ɗaya ba magana, ki sake yi a hankali kina faɗin dalilin kowane mataki, sannan ki ce: "Yaya, bismillah, yi in gani." Idan ta yi, ki ce ta sake, wannan karon ita ce mai bayani, ke ce ɗaliba. A bakinta za ki ji inda ta tsallake. Gani ya kori ji.

Kuma a rana abu ɗaya ya isa. Ranar farko wanke hannu kawai: sabulu, daƙiƙa ashirin, a cire zobe da awarwaro, a yanke farce. Rana ta biyu allunan yanka, ja na ɗanyen nama, rawaya na kaza, kore na ganye, kada wuƙar wannan ta je kan wancan. Rana ta uku ma'aunin zafi, kuma a nan ake daɗewa, domin gwanar girki ta saba yarda da idonta da hancinta. Ki nuna mata cewa tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, miya kuwa tana iya lalacewa a nan ƙamshinta bai canja ba. Ta soka ma'aunin da hannunta a cinyar kaza, ta jira ya kai 75. Ta duba firji ta ga bai haura 5 ba. Ki gaya mata dalilin a sarari: yawancin masu cin abincinmu tsofaffi ne da suka sayar da gona ko shanu suka zo sauke farali, kuma jikinsu ya riga ya jigata da zafi.

Da yawa daga cikin matanmu ba su yi boko ba, amma sun yi makarantar allo. Su nake rubuta wa sunayen kaya da ajami a jikin robobi, kuka, kuɓewa, daddawa, sai ki ga aiki ya yi sauri. Lambobin Larabawa kuma sai an zauna a kansu, domin biyar ɗinsu da'ira ce mai kama da sifilinmu, sifilinsu kuwa ɗigo ne. Wadda ba ta san haka ba za ta karanta ranar lalacewar madara a karkace. Ki ɗauko gwangwanaye daga sito ta yi ta karantawa har ta daina tsayawa tunani.

Gyara kuwa a keɓe ake yin sa. Ki ja ta bayan sito, ki kira ta da sunan girmamawa, Iya ko Hajiya ko Yaya, ki faɗi abu ɗaya tak da za ta gyara. Abu guda ne ba na jinkirtawa: idan gas ne ko tafasasshen mai, a take nake magana da ƙarfi, kuma tun ranar farko nakan sanar da ita haka don kada ta ɗauka wulaƙanci ne. Ta san inda makunnin gas yake, ta san wurin abin kashe gobara, ta haddace 911, lambar kiran gaggawa. Ki kuma riƙa tuna mata shan ruwa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, balle wadda ke tsaye a gaban murhu.

Ki haɗa ta da tsohuwar hannu guda mai haƙuri, ba lallai wadda ta fi kowa sauri ba, su riƙa cin abinci tare. Tambayar da ba za ta iya yi miki ba, a bakin akushi za ta yi wa waccan.

Duk wannan a gama shi kafin Zulƙida ya ƙare, domin daga 8 ga Zulhajji, da alhazai suka fita Mina, babu mai sararin koyar da kowa. A mako na uku nakan bar mata tukunyar miya guda tun daga gyaran kayan miya har zubawa a mazubi, in koma wani ɓangaren in ƙyale ta. Idan ta gama in ɗanɗana, in duba zafin da ta rubuta a takarda. In sun yi daidai kwana uku a jere, sai in sa sunanta a jadawalin masu tukunya.