Yadda ake koyon kiɗan rawar gargajiya na Ayalan da yadda ake ba wasu

Mutanen Ayalan suna da kaɗe-kaɗen rawa dubbai, babu baiti a cikinsu, sauti ne zalla na sarewa ko gogen Turawa ko akodiyon, kuma har yau yawancin makaɗansu da kunne suke ɗauka ba da takarda ba. To in kana sha'awa ga hanyar.

Farko ka iya bambance irin bugun, don shi ne komai. Reel shi yafi yawa, bugu huɗu-huɗu yake tafiya, in kana ji ka riƙa cewa "kwalekwale kwalekwale" zaka ga ya hau daidai. Jig uku-uku ne, a rubuce 6/8, shi kuma "dankali dankali" zaka ce. Akwai slip jig mai 9/8, da hornpipe wanda yafi reel nutsuwa yana ɗan tsalle-tsalle, sai polka da slide da akafi sani a yankin Sliabh Luachra, kan iyakar Cork da Kerry. Kayi ta saurare kana buga ƙafa har ka iya gane su kafin ka taɓa komai.

Na biyu abin kiɗa. Ni dai shawarata tin whistle, ƴar sarewar ƙarfe ce mai huji 6, ba tsada, ka nemi mai D a jiki don yawancin kaɗe-kaɗen akan mabuɗin D da G suke, wato sautin da aka gina kiɗan a kai. Uilleann pipes, sarewar jaka da ake hurawa da mafuri a ƙarƙashin gwiwar hannu tana da daɗi sosai, UNESCO ma ta sa ta a kundinta na al'adun gargajiya a 2017, amma tsadarta da wahalarta ba na ɗan koyo bane.

Na uku, kuma nan ne aikin yake, ka zaɓi kiɗa ɗaya tak mai sauƙi, kamar The Kesh, jig ne da kusan duk ɗan koyo yake farawa dashi. Yawancinsu kashi biyu ne, A da B, kowanne gaɓa 8 (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa, a jig "dankali dankali" ɗaya kenan), ana yin A sau biyu B sau biyu, gaɓa 32 kenan, kuma in ka kasa kunne zakaji gaɓa biyun farko sukan dawo a gaɓa ta 5 da ta 6, ƙarshen A da na B ma sau da yawa ɗaya ne, kaga abin da zaka haddace bai kai yadda ka zata ba. Kafin ka ɗauki sarewa ka fara rera shi da baki, su ma suna da wannan al'adar, lilting suke ce mata, a da in babu makaɗi da ita ake rawa. Duk abin da bakinka bai riƙe ba yatsunka bazasu riƙe ba. In ya zauna sai ka rage gudun bidiyon a YouTube zuwa 0.75 ko 0.5, ka ɗauki gaɓa biyu kayi ta maimaitawa, ka ƙara biyu, ka haɗa su, haka har ƙarshe. Kar ka yi gaggawa wlh, kiɗan da akayi a hankali ƙafa na bugawa daidai yafi mai gudu yana tuntuɓe.

Adon sauti sai daga baya. Cut shi ne ka ɗaga yatsan sama ka mayar da sauri, tap ka bugi hujin ƙasa ka ɗauke, in ka jera su akan sauti ɗaya ya zama roll. Numfashi kuma ba'a bar maka wajensa ba, sauti ɗaya zaka yar ka shaƙa, kuma ka riƙa canza wajen.

Takarda fa? Tana da amfani wajen tuni. Francis O'Neill, ɗan Cork da ya zama shugaban ƴan sandan Chicago, ya tattara kiɗa 1,850 ya wallafa a littafi a 1903, a 1907 ya sake fitar da na rawa zalla guda 1001. Amma yadda ake jan sauti da ɗaga shi baya cikin rubutu, shi yasa fayafayan da Michael Coleman mai goge ɗan Sligo ya ɗauka a New York daga shekarun 1920 suka canza salon makaɗa har a gida Ayalan.

Wajen ba wasu, hanya mafi sauƙi rubutun ABC wanda Chris Walshaw ya ƙirƙiro, harufa ne kawai na kibod, T: suna, M: awon bugu kamar 6/8, K: mabuɗi kamar G, sai sautukan su biyo, manyan harufa na ƙasa ƙanana na sama, a WhatsApp ma sai ka tura. Ka haɗa da rikodin ɗin kanka, kuma ka faɗi wajen wanda ka samo, suna girmama wannan sosai, musamman da yake kiɗa ɗaya yakan yi suna biyu ko uku.

Sai zaman kiɗa da suke kira session. Yawanci a mashaya akeyi, amma wanda baya shiga can akwai azuzuwa da zaman rassan ƙungiyar Comhaltas da aka kafa a Mullingar a 1951, akwai kuma makon koyarwa na tunawa da makaɗi Willie Clancy a Miltown Malbay duk watan Yuli. In kaje ka nemi izini kafin ka zauna, haka kafin ka kunna rikoda. Ana jera kiɗa biyu ko uku a haɗe, kowanne kamar sau uku, wanda ya fara shi ke da gudun, in zai juya zuwa na gaba zakaji yace "hup" ko ya ɗaga kai. Wanda baka iya ba ka ajiye sarewarka ka saurara, in an gama ka tambayi sunansa. Kuma ka fara da slow session, na masu koyo ne, can ba mai harararka in ka ɓata.