Yadda za ka zana taswirar yaɗuwar ɗab'i a kwamfutarka

Ba sai ka je Jamus ba kafin ka ga yadda injin buga littattafai ya bazu daga Mainz, garin da Gutenberg ya buga Baibul wajen 1455. Kwamfutar cinya da 'yar data sun isa, kuma da su nake koya wa ɗalibai a nan Samaru.

Fara da ISTC, kundin da Laburaren Birtaniya ya tattara na abin da aka buga a Turai kafin 1501, kusan bugu 30,000. Kada ka yi haɗama. Ɗauki shekarun farko kawai, ka buɗe Excel, ka jera gari, mai bugu da shekara: Subiaco 1465, Rum 1467, Venis 1469, Faris 1470, Westminster 1476.

Wahalar aikin tana wajen tace sunaye. ISTC ya daidaita nasa, amma da ka ƙaro bayani daga hoton littafin kansa, Latin za ka tarar, galibi a shafin ƙarshe inda mai bugu yake sa sunansa. Moguntia shi ne Mainz, Lugdunum shi ne Lyon. Argentina kuwa Strasbourg ake nufi. In ka bar na'ura ta nemo maka wurin da kanta, sai ta kai injin Kudancin Amurka tun Kolombus bai tsallaka teku ba. Shekaru ma haka. Littattafai da yawa ba su da kwanan wata, ƙiyasin masana ne, don haka ka ware layi guda ka rubuta "tabbas" ko "ƙiyasi". Ni taswirar da ta cakuɗa su ba na ba ta maki.

Nemo lambobin da ke nuna matsayin kowane gari a taswira daga GeoNames, shafin intanet na sunayen wurare, ka adana fayil ɗin Excel ɗin a tsarin CSV, ka ɗora a QGIS, manhajar zana taswira. Kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet, wanda ya fi mana sauƙi. Ka lura: X ita ce lambar gabas da yamma, Y ta arewa da kudu. In ka ga Mainz ya faɗa gaɓar Somaliya, to ka juya su ne. Sannan ka mayar da shekara cikakken kwanan wata, kamar 1469-01-01, ka kunna agogon manhajar. Ɗigo-ɗigon za su riƙa fitowa shekara bayan shekara, su gangara Italiya. Ka sa girman ɗigo ya bi yawan bugu, za ka ga Venis ta shanye kowa.

In hannunka ya faɗa, juyo gida. Tun 1843 aka buga a Landan kalmomin Hausa da Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, ya tattara. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Wannan karon da ƙafa za ka tattara bayanan: ka shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da biro da takarda, ka riƙa duba shafin farko da na ƙarshe na kowane tsohon littafi.