Kurakuran da Muke Yi Wajen Koya wa Yara Siffofi ta Hanyar Zane

Na daɗe ina koyar da yara 'yan shekara 4 zuwa 6 a nan Sakkwato, kuma kuskuren da na fi daɗewa a kansa shi ne sa su hadda. Sai in zana da'ira da murabba'i da alwatika a allo, su yi ta rerawa. Ranar da na kifar da alwatikar, tsininta ya kalli ƙasa, yara da yawa suka ce ai ba ita ba ce. Zaman da suka saba gani suka haddace. Yanzu da kwali nake yanka siffofin, yaro ya jujjuya su, ya bi gefe da yatsa yana ƙirgawa: gefe uku, kusurwa uku. Ko siririya ce ko a kwance take, alwatika ce.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda muke raina siffofin halitta. Akwai siffofin awo, waɗanda rula ke fitarwa daidai. Akwai kuma na ganye da gajimare da kan albasa, waɗanda ba su da gefe miƙaƙƙe. Mu manya kallon karkatattu muke yi musu. Na ga wata yarinya ta zana ganyen darbejiya, ya lanƙwashe kamar lauje, malama ta karɓi fensirin ta ce, "Kawo in gyara miki." Yarinyar ta naɗe hannu, ba ta ƙara taɓa takardar ba. Alhali ita ce ta gani daidai, haka ganyen yake. A bar wa yaro fensirinsa. A tsinko ganyen darbejiya da na mangwaro, a sa ƙarƙashin takarda, ya goga gawayi a kai. Da kansa zai gano ɗaya bakinsa kamar zarto, ɗayan sumul. Sai a tambaye shi, "Me ka gani a bakin wannan?"

Muna kuma raba kashi biyun kamar ba sa haɗuwa, ga shi a gidajenmu tare suke. Ƙwarya tsiro ce, ba ta cika zama cikakkiyar da'ira ba, amma dubi alwatikai da layukan da aka ƙona a bayanta. Fatar jar akuyar Sakkwato da siffar dabbar take zuwa hannun dukawa, su ne ke yanka ta gida-gida su ɗinka tumtum. A kawo ƙwarya ɗaya aji. Yara su yaga takarda da hannu, su yanka wata da almakashi marar tsini, su manna duka biyun da sitaci a kwali ɗaya.

Masu jiran a sayo fenti kuwa, lakar bakin gulbi da tsinken tsintsiya da rairayin tsakar makaranta sun isa darasin mako guda.